An fizge min hijabi a bas: in kai ƙara ko in bari? Kuma ya ake ƙidaya irin wannan laifin ne?

UmmuBiyu ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema daga waɗanda suka san kan abun, musamman mazauna Ingila. Shekarata uku kenan a nan, maigidana na biyo da yake aiki, kuma wallahi ban taɓa gamuwa da abu irin na shekaranjiya ba. Na ɗauko yara daga makaranta mun shiga bas, ina riƙe da ƙaramin, babbar tana gefena, sai wani mutum da ke zaune a bayanmu ya fara magana ƙasa ƙasa, da farko na ɗauka waya yake yi ashe da ni yake. Wai mu koma inda muka fito, wai irinmu ne suka lalata musu ƙasa, ya haɗa da addinina ya zaga da wata kalma da bazan iya maimaitawa a nan ba. Ni dai nayi shiru ko juyawa banyi ba saboda yara. Da bas ta tsaya zai sauka kawai sai ya kai hannu ya fizgi hijabina ta baya, har sai da kaina ya bugi ƙarfen kujera, ya sauka abinsa. Wata dattijuwa baturiya ce ta taso ta riƙe ni tana bani haƙuri, har ta rubuta min lambar wayarta a takarda tace in ina buƙatar shaida in kira ta.

Ciwon ba wani babba bane, ɗan kumburi ne kawai. Abun da yafi damuna yarinyar ce, shekararta bakwai, tun ranar bata son mu shiga bas, jiya da safe kuka ta dinga yi wai mu tafi a ƙafa.

Maigidana yace in bar wa Allah, wai mu baƙi ne kar mu jawo wa kanmu idon hukuma, kuma ko an kai ƙara ba kama shi za a yi ba tunda bamu san shi ba. Ni kuma zuciyata taƙi kwanciya. To tambayata kenan, wannan abun shine suke kira laifin ƙiyayya? Idan naje caji ofis me zasu yi, rubutawa kawai zasu yi su ajiye ko kuwa ana bin sawu da gaske? Sannan daren jiya da na kasa bacci na shiga bincike a intanet naga wai a shekara ɗaya 'yan sandan Ingila da Wales sun rubuta irin wannan laifin sama da dubu 140, alhali Amurka duk girmanta bai kai dubu 12 ba. Abun ya tsorata ni sosai. Kenan nan ƙasar tafi Amurka ƙin baƙi nesa ba kusa ba? In haka ne gara mu san inda dare yayi mana.

Anti_Haƙuri ta rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Innalillahi, sannu kinji, Allah ya isar miki. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ina karantawa jikina yana rawa domin nima ya taɓa faruwa dani, ni miyau aka tofa min a bakin wani shago shekarun baya. Zan faɗa miki gaskiya ko da ba daɗi, ni na kai ƙara kuma ban ga komai ba. Sun zo gida sun ɗauki bayanina, sunyi min magana mai daɗi, sun bani lamba, bayan 'yan makonni sai ga wasiƙa wai sun rufe kes ɗin saboda basu gano mutumin ba. Na zauna nayi ta kuka kamar ranar aka yi min abun. Shi yasa ban ga laifin maigidanki ba sam, ba tsoro bane, baya so ne ki sha wahala sau biyu.

Amma ni kuskurena shine na daɗe ban kai ba, sai da nayi kusan wata ina shawara da zuciyata, kafin suje neman hoton kyamara an riga an goge. Ke kuma naki a bas ne, bas ɗinsu akwai kyamara ciki da waje, ga kuma shaida kin samu wadda ita da kanta ta baki lamba. In zaki kai to ki kai yau, kar ki bari sai gobe. In kuma bazaki iya ba babu wanda zai zarge ki. Yarinyar dai ki rarrashe ta, ki kuma gaya wa malamarta a makaranta su san halin da take ciki.

Malam_Nazari ya rubuta:

Sannu 'yar uwa, Allah ya kiyaye gaba. Na ɗan yi aikin sa kai a irin cibiyoyin nan da ke taimaka wa mutane kai rahoto, so bari in faɗi abin da na sani, kiyi haƙuri zan ɗan ja shi da tsawo.

Eh, abin da aka yi miki laifin ƙiyayya ne a dokar nan, ba ma kokwanto. Ki gane, laifin ƙiyayya abu biyu ne a haɗe: laifi na yau da kullum kamar duka ko barazana ko fasa dukiya, sai kuma dalilin da yasa aka zaɓe ki aka yi miki. Fizgar hijabi kai hari ne a doka ko da ba a ga jini ba, haka tofa miyau da aka yi wa Anti. Sannan kalaman da ya furta su ne suka nuna dalili. 'Yan sanda a Ingila da Wales abu biyar suke sa wa alama, launin fata ko asali, addini, naƙasa, irin jinsin da mutum yake sha'awa, da kuma sauya jinsi. Naki ya taɓa biyu a lokaci ɗaya, asali da addini, kuma ana iya sa wa kes ɗaya alama biyu.

Yanzu ga abun da mutanenmu da yawa basu sani ba, kuma shine ginshiƙin tsarin gaba ɗaya. Ba ɗan sanda bane yake yanke ko za a rubuta shi a matsayin na ƙiyayya. Ke ce. Idan wanda aka yi wa, ko ma wani da ya gani, ya ɗauka cewa ƙiyayya ce ta jawo, to dole a rubuta shi a haka tun daga farko, ba sai kin kawo hujja ba. Wannan ƙa'idar da jini aka same ta. A watan Afrilun 1993 wasu samari fararen fata suka daɓa wa wani yaro baƙar fata wuƙa a tashar bas a unguwar Eltham da ke kudu maso gabashin Landan, sunansa Stephen Lawrence, shekararsa 18. 'Yan sanda suka yi wa binciken riƙon sakainar kashi, abokinsa da suke tare wanda ya ji abin da maharan suka faɗa da kunnensa ba a ɗauki maganarsa da daraja ba. Iyayen yaron suka ƙi yin shiru shekara da shekaru, har aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin wani tsohon alƙali Macpherson, rahotonsa ya fito a 1999 da shawarwari 70, yace wariyar launin fata ta shiga jinin hukumar 'yan sandan Landan ɗin kanta. Daga cikin shawarwarin ne aka ce daga yanzu abin da wanda aka zalunta ya gani shi za a fara rubutawa. Kuma kinsan sai a 2012 aka iya ɗaure mutum biyu cikin waɗanda suka kashe shi? Kusan shekara 19. Duk sanda naji wani namu yace kai ƙara ɓata lokaci ne sai in tuna mahaifiyar yaron nan.

Yadda zaki yi: tunda abun ya wuce ba lambar gaggawa 999 zaki kira ba, 101 ne, lambar 'yan sanda ta abin da ba gaggawa ba, ko ki cika fom a shafin True Vision wanda na 'yan sanda ne, yana tura rahoton kai tsaye ga rundunar yankinku. In baki son magana da su kai tsaye akwai Tell MAMA da ke karɓar rahoton abin da ake yi wa Musulmi tun 2012, akwai kuma Stop Hate UK, ita ma ƙungiya ce mai karɓar rahoton laifin ƙiyayya. Amma tunda kina so a nemo kyamara, ni shawarata 101 ɗin. Kafin ki kira ki zauna ki rubuta lambar bas, ƙarfe nawa, tashar da kuka hau da wadda ya sauka, kamanninsa da kayan jikinsa, sannan uwa uba ainihin kalmomin da ya faɗa yadda ya faɗe su. Nasan kince bazaki iya maimaitawa ba, kuma na fahimta, amma dan Allah ki daure ki rubuta musu. Idan kika ce "ya zage ni" kawai, kes ɗin zai iya tafiya a matsayin faɗan bas. Ki furta da bakinki cewa kina so a rubuta shi a matsayin laifin ƙiyayya na addini da asali, kuma ki karɓi lambar kes, kar ki ajiye waya baki karɓa ba.

Sai dai kar in yaudare ki, rubutawa daban hukunci daban. A wajen 'yan sanda ganinki ya isa, a kotu kuwa sai an tabbatar. Masu gabatar da ƙara na gwamnati, CPS, sai sun nuna wa alƙali cewa ya nuna ƙiyayyar a lokacin da yake aikata laifin ko dab da shi, ko kuma ita ce ta tunzura shi. A nan ne dattijuwar nan zata yi miki rana domin taji da kunnenta. In an tabbatar hukuncin yana ƙaruwa, misali ƙaramin hari irin wannan iyakarsa wata 6, amma in an haɗa da ƙiyayyar asali ko addini a ƙarƙashin dokar 1998 zai iya kaiwa shekara 2, kuma a inda aka ƙara wa mutum hukunci saboda ƙiyayya ana so alƙali ya faɗa a fili a cikin kotu.

Anti abin da ya same ki yana samun mutane da yawa kuma yana da ciwo, bazan kare su ba. Amma rahotonki bai tafi a banza ba, yana cikin lissafin shekarar. Na taɓa ganin inda mata uku da basu san juna ba suka kai ƙarar mutum ɗaya a layin bas ɗaya, ta farko da ta biyu an rufe nasu, ta ukun ce tasa aka haɗa su aka gane mutum ɗaya ne. Da biyun farko sunyi shiru da ta ukun ma rufewa za a yi.

UmmuBiyu ta rubuta:

Malam Allah ya saka da alheri, wallahi ban san ni ke da ikon cewa a rubuta shi haka ba, na ɗauka sai sun ga dama. Anti nagode, maganar kyamara ta tayar min da hankali, yau kwana biyu kenan. Saura abu biyu, maigidana tsoronsa biza ne kar abun ya taɓa takardunmu. Sai kuma maganar Amurka ɗin nan da har yanzu ban gane ba.

BaƙonTexas ya rubuta:

Hajiya sannu da wannan jarrabawa. Ni a Amurka nake shekara goma sha, bari in amsa miki ɓangaren lissafin domin abun yana ci min tuwo a ƙwarya duk sanda naga ana kwatanta lambobin nan biyu.

Lambobin da kika gani gaskiya ne. Ma'aikatar cikin gida ta Birtaniya tace 140,561 a shekarar da ta ƙare Maris 2024, hukumar binciken tarayya ta Amurka, FBI, kuma tace 11,862 a 2023. Ingila da Wales mutum wajen miliyan 60, Amurka sama da miliyan 330. In da lambar tana auna ƙiyayya ne to da sai ace nan aljanna ce, kuma wallahi ba haka bane. Abin da lambar take aunawa shine wa ya kai ƙara, wa ya yarda ya rubuta, wa ya tura sama.

A nan tun 1990 akwai dokar da ta ɗora wa gwamnatin tarayya tattara alƙaluman, amma FBI ba ita take zuwa unguwa ba, jira take rundunonin 'yan sanda su turo mata, kuma rundunonin nan wajen dubu 18 ne, na birni daban na gunduma daban na jami'a daban, kuma turawar ganin dama ce ba dole ba. Wasu basa turowa ko kaɗan. Cikin masu turowar kuma mafi yawansu sifili suke rubutawa, wato wai shekara guda cur babu ko ɗaya a garinsu, har da garuruwa masu mutum sama da dubu ɗari. A 2021 ma da aka sauya tsarin kwamfutar da ake turawa da shi, manyan birane irin New York da Los Angeles basu shiga lissafin farko ba, sai daga baya aka fitar da ƙari. Sannan a nan ba ganin wanda aka zalunta ake bi ba, sai ɗan sanda ya bincika ya gamsu akwai hujjar ƙiyayya kafin ya sa alama. Ga kuma zagi da baki, wanda a Ingila zai iya zama laifi a dokar zaman lafiyar jama'a kuma yana da kaso babba a cikin dubu 140 ɗin can, a nan yawancinsa tsarin mulki ya kare shi a matsayin 'yancin magana, sai in ya kai barazana. To kinga ba mudu ɗaya ake awo da shi ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce gwamnatin Amurka da kanta tana da wani lissafin na biyu, inda ake bin gidaje ana tambayar mutane ko an yi musu laifi, sun kai ƙara ko basu kai ba. Wannan binciken ya kiyasta wajen dubu 250 duk shekara tsakanin 2004 da 2015, a lokacin da FBI take fitar da ƙasa da dubu 10. Ƙasa ɗaya, ma'aikatar shari'a ɗaya, dubi tazarar.

Abun da ya fi taɓa min zuciya shine labarin Khalid Jabara, ɗan asalin Lebanon kuma Kirista ne ma, a Tulsa. Maƙwabcinsu ya shekara da shekaru yana zaginsu da ƙazaman Larabawa, ya taɓa buge mahaifiyarsa da mota, a 2016 ya harbe shi a ƙofar gidansu. Kotu ta kama shi da laifin kisa har da na ƙiyayya, amma da aka duba alƙaluman FBI na shekarar babu kisan a ciki. Haka Heather Heyer da aka take da mota a Charlottesville a 2017 duniya tana kallo, ita ma bata fito a lissafin ba. Shi yasa dokar da aka sa wa hannu a 2021 don gyara tattara rahoto take ɗauke da sunayensu su biyun. Kuma ku tuna ɗaliban nan Musulmi uku da aka kashe a Chapel Hill a 2015, maganar farko da ta fito daga 'yan sanda wai rikicin wajen ajiye mota ne, iyayensu suka ce a'a mun san mutumin nan mun san abin da yake yi wa 'ya'yanmu tun da ya ga hijabi.

So Hajiya kar lambar ta sa ki haɗa kaya. Ban ce Ingila lafiya lau take ba, ke da kanki kin gani a jikinki, kuma kowa ya ga harin da aka kai wa masallacin garin Southport a 2024. Amma ni in za a bani zaɓi gara ƙasar da lambarta take da yawa saboda ana rubutawa.

Ɗan_Hamburg ya rubuta:

Allah ya ƙara haƙuri 'yar uwa. Ni a Jamus nake, kuma abin da Malam ya faɗa akan wanda yake da ikon sa alama shine daidai inda mu aka samu matsala. A nan 'yan sanda ne suke tantancewa, a ƙarƙashin wani tsari na laifukan da siyasa ta tunzura da aka fara a 2001, sai a 2017 ma aka ware wa ƙin Musulunci gurbinsa daban. Tsakanin 2000 da 2007 wata ƙungiyar 'yan Nazi da ake kira NSU ta kashe mutum goma, takwas 'yan asalin Turkiyya, ɗaya ɗan Girka, sai wata 'yar sanda. Shekaru ana zargin iyalan mamatan, ana cewa ƙila harkar ƙwaya ce ko bashi ko rikicin cikin gida, ana ta yi wa zawarawa tambayoyi kamar su ne masu laifi, alhali iyalan suna cewa ku duba ɓangaren masu ƙin baƙi. Sai a 2011 asiri ya tonu, kuma ba binciken kisan ne ya tona ba, fashin banki ne ya ritsa da su. Bayan nan ne a 2015 aka gyara doka aka rubuta ƙarara cewa alƙali ya duba ƙiyayyar launin fata wajen yanke hukunci.

Amma Malam ina da tambaya tsakani da Allah, ba musu nake ba. In dai duk wanda yace ƙiyayya ce dole a rubuta, ba za a zalunci wasu ba? Maƙwabta suyi faɗa akan shara ɗaya yaje yace saboda launina ne, shikenan an ɓata wa mutum suna a fayil. Mu ma fa ana iya yi mana haka, wani yaji wa'azi ko ra'ayin da bai masa daɗi ba yaje yace ƙiyayya ce.

Malam_Nazari ya rubuta:

Ɗan uwa tambayarka a kan hanya take, kuma an yi ta rigima akanta a nan. Inda matsalar tafi yawa ba wajen laifi bane, wajen abin da bai kai laifi ba ne amma ake rubuta shi da sunan mutum. Wani tsohon ɗan sanda Harry Miller ya kai ƙara saboda an rubuta shi akan abubuwan da ya wallafa a Twitter, kotun ɗaukaka ƙara ta bashi gaskiya a Disambar 2021, tace ƙa'idar ta taka 'yancin faɗin ra'ayi, daga baya aka tsaurara yadda ake rubuta irin wannan. Ni a ganina gyaran yayi daidai, ra'ayi daban hari daban. Amma inda aka kai hannu jikin mutum ko aka fasa masa taga, alamar ba hukunci bace, umarni ne ga mai bincike cewa kar ka rufe ido akan wannan ɓangaren, je ka tambayi shaidu me suka ji. In babu hujja kotu zata yar da shi. Ka auna wannan da abin da ka bamu labari da kanka, mutum goma a ƙasa ana tuhumar matansu. Ni na san wanne kuskuren na fi tsoro.

UmmuBiyu maganar biza, in takardunku lafiya suke to kai ƙara a matsayin wadda aka zalunta baya taɓa su, ba ke ake tuhuma ba. Tsoron maigidanki yana da tushe ta wani wajen, domin an sha sukar 'yan sanda akan miƙa bayanan waɗanda takardunsu ke da matsala ga hukumar shige da fice, shi yasa masu irin wannan halin nake ce musu su fara zuwa wajen ƙungiya ko lauya tukuna. Ku ba wannan bane halinku. Kuma in Turancin zai miki nauyi a lokacin da ranki yake ɓace kina da ikon neman tafinta, kyauta ne. Ki kuma ɗauki hoton kumburin yau kafin ya sace.

UmmuBiyu ta rubuta:

Na dawo in sanar daku. Na nuna wa maigidana duk abin da kuka rubuta, ya daɗe yana karanta na Khalid ɗin nan yayi shiru, daga baya shi da kansa yace ɗauko waya. Mun kira 101, mun ɗan jima akan layi kafin a ɗauka. Matar da ta amsa da na gama bayani sai ita ta riga ni tambaya, wai ina ganin saboda addinina ko asalina aka yi min? Nace duka biyun. Kalmar nan kuma na kasa furtawa Malam, sai maigidana ne ya karanta mata daga takardar da na rubuta, muryarsa tana rawa. Sun bamu lambar kes ta saƙon waya, sunce zasu nemi bidiyon daga kamfanin bas kuma wani zai zo jibi ya ɗauki cikakken bayani, sun tambaya ko yarinyar ma tana buƙatar wanda zai yi magana da ita.

Na kira dattijuwar ma, ashe ita tun a daren ta rubuta abin da taji a littafinta saboda kar ta manta, har kalar rigarsa. Anti na riƙe maganarki, na shirya wa zuciyata ko da wasiƙar rufewa ce zata zo. Gobe dai a ƙafa zamu je makaranta, na yi wa yarinyar alƙawari. Wanda ya san yadda ake shawo kan yaro ya koma shiga bas bayan irin wannan dan Allah ya taimaka min, ban san ko in bari sai ta nema da kanta ba ko in fara da tasha ɗaya.